Silifar Mista Pickering

A Hartlepool, a layin da ke kallon teku,
inda iska ke shigowa da gishiri a bakinta,
maƙwabcina Mista Pickering ya rasu ranar Talata.
Ya bar kujera, da tulin jaridu, da kare.
'Yarsa ta zo daga Leeds ta kwashe kujera da jaridu,
ta dube ni, na dubi ƙasa.
Haka Bosun ya zama nawa.

Inna ta ce a waya: "Kare a cikin gida, Ɗanlami?"
Na ce ɗakin salla a rufe yake, Inna,
iyakarsa kicin da filin baya.
Ta ja tsaki tun daga Gusau har Ingila.

Da abu ɗaya ya shigo a baki:
silifa, ƙafar hagu, diddigen ya cinye.
Mukan ce in ka ga kare na sunsunar takalmi, ɗauka zai yi.
Ba wanda ya gaya mana yadda ake karɓa.

Daren farko na miƙa hannu.
Jikinsa ya sandare,
kai a ƙasa, farin ido a waje,
gurnani na tasowa daga can ƙasan ƙirji.
Na daka masa tsawa. Ya yi tsit.
Na kwanta ina jin ni ne maigida.
Washegari babu gurnani,
sai haƙori kawai, a gindin babban yatsana.

Gwenda, mai horar da karnuka, ta zo da laka a takalmanta.
Ta duba yatsan, ta duba karen.
"Gurnanin nan sallama ce," in ji ta.
"Ka hana shi magana, ka bar masa haƙora.
Ba sarauta yake nema a gidanka ba.
Tsoro yake ji.
Duk hannun da ya zo masa kwanan nan, ɗauka ya zo yi."

To, sai na koma ɗan aike.
In wuce nesa da shi, taku shida,
in jefa tsokar kaza, in tafi abina ban waiga ba.
Mako guda a taku shida. Sannan biyar.
Ran da na yi gaggawa na tsallake zuwa biyu,
leɓensa ya ɗaga, muka koma shida.
Hansatu 'yata, mai shekara bakwai, ta haddace dokarta:
in yana ci, ko silifa na bakinsa,
ita tana bayan ƙyaure, ko da kuka take.

Sai musaya.
Ga cuku, ba ni ƙwallo. Ga ƙwallonka kuma.
Ga hanta, ba ni igiya. Ga igiyarka.
Ciniki ne da kullum ni ke faɗuwa,
kuma faɗuwar ita ce ribar.
Silifa dai ban taɓa ba.

Wata Asabar Asabe na share ƙarƙashin gado,
ta jawo gwangwanin da nake ajiye fasfo,
da takardun zama, da wasiƙar Baba ta ƙarshe.
Ban san sa'ad da murya ta fito mini ba.
Ta tsaya da tsintsiya a hannu, ta ƙare mini kallo.
"Sallama ce wannan, ko in jefo kaza?"
Na yi dariya, amma hannuna bai saki gwangwanin ba.

Sanyi ya wuce. Tsuntsayen teku sun dawo kan rufi.
Ina zaune a dokin ƙofar kicin ina ɓare albasa,
sai na ji abu mai danshi a kan ƙafata.
Silifa.
Shi kuma yana tsaye, jela na kaɗawa kaɗan-kaɗan,
yana kallon hannuna.

Na ɗauka. Na ƙirga uku.
Na mayar masa.

Har yau, in mai kawo wasiƙa ya buga ƙofa da ƙarfi,
yakan kwashe ta ya shige ƙarƙashin tebur.
Mu kuma mukan bar shi.
Kowa da abin da yake kwana a kai.