Takalmin Arzika

Ni baduku ne a bakin kasuwar Tawa,
ba fuska nake duba ba, dunduniya.

Shekara tara ke nan da Arzika ya kawo mini takalmi,
gefen ciki ya ɗan cinye,
kamar ɓera ya ɗanɗana ya fasa.
Na ce, "Taka ruwa, ka taka siminti."
Sawu ya fito da lauje a tsakiya,
wurin da ƙasa ba ta taɓa nama ba.
Muka yi dariya.
Ya saɓa buhun albasar Galmi ya wuce.

Damina uku, laujen ya koma jinjirin wata.
Damina shida, watan ya ɓuya,
sawu ya cika fal kamar waina.
In ya ba ni baya, yatsu huɗu ke leƙowa ta waje,
inda dā biyu nake ƙirgawa.

Jiya na raka shi asibiti.
Likita Hajaru ta zagaya ta tsaya bayansa,
daidai inda nake tsayawa.
"Ƙafa ɗaya. Ɗaga dunduniya."
Ya dafa bango, ya ciji leɓe,
dunduniya ta ce ba da ni ba.

Ta kama ƙafar kamar mai sayen kaza, ta juya.
"In ta bi hannu ta koma mazauninta, mataki na ɗaya.
In ta ƙage, na biyu."
Sai haruffa biyar:
ɗaya na dunduniyar da ta karkace,
ɗaya na yatsun da suka kauce hanya,
na ƙarshe sai idon sawu ya tuntsure.
Arzika ya ci uku.

Ta ɗaga hoton ƙashi wajen taga.
Na ga bakan gizon soro ya sunkuya,
jijiyar da ke riƙe da shi, in ji ta,
ta silale kamar igiyar guga a bakin rijiya.

Ya ce, "Wace lamba ce ke ɗaukar buhu?"
Ta daɗe tana rufe biro.

Nawa rabon bai da haruffa:
wadda faci ke riƙewa,
wadda sai an yi mata tudu,
wadda ta fi ƙarfin basilla.
Tasa har yanzu tana bin hannu, da ƙyar.

Ga kwalin da ta zana sawunsa a kai.
Fitila na ci, ina yankan fatar raƙumi,
falle kan falle,
ina gina masa tudun da ya bari a hanyar tasha.
Ya ce zai zo bayan asuba,
motar Galmi ba ta jira.