Zaren da Ya Tsallake

Bara, da na buɗe kwamfuta a zauren Baba,
shayi ya huce, kaji suka shige akurki,
taswirar ba ta gama fitowa ba.
Sabis a ƙauyenmu na bayan Taura
sai ka hau tsohon suri
ka ɗaga hannu sama kamar mai rantsuwa.
Abin da ya fito daga baya, baƙaƙe ne huɗu kacal
suna bin juna, suna maimaita kansu
kamar tururuwa a hanyar rumbu.
Baba ya leƙo, ya ce, "Wannan ne aikin naki?"
Ya koma kan buzunsa.

Bana masu manhajar sun zauna sun yi mata gyara.
Tun a Kano na sauke komai,
ba ni ba hawan suri.
Sola ta sha rana, batir ya ƙoshi.
Na ware yatsu biyu a kan gilashi,
gadon wake ya buɗe kamar an kwance ƙunshi:
kowane baƙi da rininsa,
kore, ja, shuɗi, ruwan ɗorawa.

A sama na shimfiɗa waken kakata Tsahare,
wanda wuta-wuta ke zagayewa ta bar shi tsaye.
A ƙasa na shimfiɗa na kasuwa,
mai yawan 'ya'ya, mai saurin karaya.
Da, taga biyu nake buɗewa,
ina ƙirge da farce har ido ya yi ruwa.
Yanzu in na ja ɗaya, ɗayan ya biyo,
kamar shanun huɗa a ƙarƙashin karkiya.

Baba Barau shekara arba'in ya yi a ramin masaƙa
kafin yadin kanti ya kashe masa kasuwa.
Ƙoshiyarsa tana cikin rufin ɗaki, gizo-gizo ya gaje ta.
Yana wucewa da buta ya tsaya.
"Matso da shi nan.
Ashe saƙa kuke yi, kuka ƙi faɗa."

Ban koya masa ba.
Ya ɗora yatsan da zare ya yi wa kanta,
ya ja, layukan suka bi shi.
Ya zarce, ya yi tsaki,
na nuna masa kibiyar komawa baya.
Ya ce, "Mu in mun ɓata, sai warwara da hannu,
yini guda, ga mai kaya a bakin ƙofa."

Ja, kore, kore, shuɗi.
Ja, kore, kore, shuɗi.
Leɓensa na motsi kamar mai lazimi.
Sai ya danne wuri guda.
"Nan zare ya tsallake.
Na uwata yana da shi, na ƙasan babu.
Ko mai saƙar ya yi gyangyaɗi,
ko kuwa da gangan ne."

Wata uku ina kewaya wannan unguwa
ban ga ƙofar ba.
Ban ce shi ne ba tukuna,
sai ɗakin gwaji ya duba, damina biyu ta yi shaida.
Amma na kafa alama.
Akwatin rubutun ma ya koyi harshenmu bana,
ƙa da ɗa da ɓa suna fita da lanƙwasarsu,
ba sa rikiɗewa su zama alamar tambaya.
Na rubuta: Baba ne ya gani,
Laraba, bayan la'asar, ɗan akuya na kuka.

Ya ɗauki butarsa, ya kai bakin zaure, ya juyo.
"Kandala, kar ki kashe shi.
Bar min jerin launin nan yadda yake.
Ina jin akwai ragowar abawa a tukunya,
kuma Na'iya marini bai mutu ba."