Tsomi na Uku

Jininsa na cikin kwalba mai jan murfi.
Lamba tamanin da huɗu na rubuta mata, babu suna,
amma na san hannun da na ɗaure da roba:
shuɗi ne har gwiwa,
shekara arba'in a bakin karofi ta fi ƙarfin sabulu.
Malam Ilu marini. Mahaifina.

Wata shida bayan allura ta biyu
injin ya yi gurnani, ya tofo takarda.
Adadin da ya yi tsalle a watan farko
ya ja da baya kamar rijiyar gidanmu a bazara,
sai an ƙara wa guga igiya.
Sojojin jini muke ce musu in muna bayani a layi.
Nasa sun fara sallama ɗaya bayan ɗaya.

Da magariba na same shi a soro yana ɓare gyaɗa.
Na ce, Baba, akwai ta uku.
Ya ce, Tasallah,
ta farko ta kwantar da ni kwana biyu,
ta biyu ta hana ni ɗaga sandar juya ruwa.
Me korona ta bari a jikin tsoho da za ta dawo ɗauka?
Ko ku mutanen asibiti ba ku iya gama aiki ba ne?

Na yi shiru, don na san inda faɗan ya samo wuta.
Azumin shekarar kulle,
aka kai Alhaji Nasidi Ɗandolo da hantsi,
aka kai Ɗantani mai bugu da la'asar,
makara ba ta huce ba aka sake ɗaukarta.
Tun ranar tabarmar majalisa ta yi masa faɗi.

Asabar na kai masa abinci Ƙofar Mata.
Ya tsoma farin yadi, ya ciro shi kore-kore,
ya baza wa iska, shuɗi ya taso a hankali,
ya mayar.
Na ce, ai ya yi kyau haka.
Ya harare ni. Wannan?
Wanki biyu ya koɗe, mai kaya ya zage ni a Kwari.
Zare ba ya riƙe baba a tsomi ɗaya.
Sai ya sha iska ya koma,
ya sha iska ya koma,
sannan ya san launin da aka ba shi amana.

Maganar ta tsaya masa a baki.
Ruwan karofi na ɗiga daga yatsunsa.
Ya daɗe yana kallona, ya ce, ja'ira.

Litinin ya naɗe hannun riga na hagu da kansa.
Da dare jiki ya yi zafi, ya nemi bargo da kunun tsamiya,
yana ta mita har barci ya sace shi.

Kwana ashirin da takwas, na sake ɗaure robar.
Wannan karon takardar sai da na karanta ta sau biyu:
ya wuce inda ya taɓa kaiwa.
Can cikin ɓargo akwai masu gadi da ba sa manta fuska,
ƙwanƙwasa ƙofa kawai suke jira.

Na kai masa labari, ban rage komai ba.
Na ce, wannan ma zai sauko wata rana,
ban san yaushe ba, shi muke aunawa.
Ya ce, wane rini ne ba ya koɗewa?
Amma kawo mini tsohon zanen da ya taɓa shan baba,
ki ga yadda yake karɓa.

Ya miƙo mini katin allurar in ajiye.
A gefensa, daidai tambari na uku,
babban yatsansa ya bar shuɗi.