Nomau Biyu

Kundin 'yan albasa layi dubu goma sha ɗaya ne.
Da can da yatsa nake gangara shi,
kamar mai zura guga a rijiyar Adar:
igiya na ƙarewa, ruwa bai ko motsa ba.

Daren wata Laraba, da kuran ya dawo Tawa,
na rubuta wa inji 'yar wasiƙa, layi bakwai.
Karɓi suna daga hannuna,
aiki grep ya leƙa kundi,
ya dawo da lamba, lamba kawai,
ka sa mata alamar ƙari a goshi
ka miƙa wa vim.
Shi ke nan.
Ƙofa ta buɗe daidai kan mutum,
ɗan tsinken nan mai ƙiftawa na tsaye a gindin sunansa
kamar yaron da aka aika ya nuna gida.

Sati biyu ina shan shayi da zafinsa.

Na koyi wasu abubuwa a hanya.
Sunan da ke da sarari a tsaka sai an ɗaure shi da baka biyu,
in ba haka ba inji ya raba mutum da ubansa.
Ɗan Ladi kuwa, magatakardan da ya riga ni
ya rubuta shi ba ƙugiya,
na nema, aka ce babu shi,
alhali ga shi zaune bisa benci yana fifita da hula.

Sannan Nomau.

Ya zo daga wajen Galmi bisa babur ɗin aro,
ƙafa duk taɓon fadama,
ya ce buhunsa tara sun zama shida.
Na buga sunansa. Ƙofa ta buɗe.
Sha biyu, na ce, ga su nan.
Ya ce a'a, wannan Nomau na Cima ne,
ni na Tsahara ne.

Na duba wasiƙata.
Ni na ce wa inji ya ɗauki na fari ya bar saura.
Bai yi ƙarya ba, bai kuma tambaya ba.
Wanda ya fara amsa sallama shi ya karɓi saƙo,
na biyun yana can ƙasa, layi dubu huɗu tsakani,
buhunsa uku a rumbun takwaransa.

Na mai da su. Na ba da haƙuri.
Ya ce ba komai, ya tambayi inda ake saida man babur.

Yanzu wasiƙar layi goma sha ɗaya ce.
In suna ya faɗo sau biyu, inji ya tsaya,
ya jera su, ya ce: wanne?
Ya rage sauri, kaɗan.
Ni ma, kafin in danna,
nakan ɗaga kai in dubi wanda ke gaban tebur
in ce, ɗan wa ne kai?