Ɗigon Hawaye Mai Taya Biyu

Sau bakwai na yi baya da mota,
sau bakwai tirelar ta ƙi ni.
In na ce mata dama, sai ta yi hagu,
kamar yaron da za a kai allura.

Bakin tafkin Wallowa ne, a Oregon,
Juma'a, rana ta kusa faɗawa bayan dutse.
'Yan ɗakuna goma sha ɗaya sun yi da'ira,
kowanne kai ƙato, wutsiya siririya,
ɗigon hawaye da aka sa wa taya,
kowanne da mace a gindinsa tana kallona.

Twila Brandvold ce ta ajiye gahawarta.
"Sa hannu a ƙasan sitiyari, ƙanwata.
Inda kike so wutsiyar ta nufa,
can za ki kai hannun.
Kaɗan-kaɗan. Sauri ya haifi nawa.
Ni a zuwana na farko
sai da na kayar da akwatin wasiƙun maƙwabci,
har yau ba ya gaishe ni."

A karo na takwas ta shiga.
Suka tafa kamar na sauka lafiya.

Da duhu ya yi aka ɗaga murafen baya,
ga murhu, ga tukunya, ga albasa tana kuka a mai.
Muka zauna zobe, bargo a gwiwa,
magana tana yawo kamar kwanon gishiri.

Marisela ta ce ɗanta ya dawo daga jirgin kamun kifi
da gemu da bashi, amma ya dawo.
"Kuma ki tare taya da katako kafin ki kwance ƙugiya,
in ba haka ba ki bi gidanki da gudu har cikin ruwa."

Ardith ta cire hular ulu
ta nuna mana sabon gashi, fari, gajere kamar na jariri.
Likita ya ce ta dawo bayan wata shida.
Wata shida!
Ta riga ta raba su a kan taswira.
Ba wadda ta yi magana. Itace ya fashe a wuta.
Sai ta ce, "Sarƙoƙin nan biyu, ki gitta su.
Kar ki kwana da ko ɓawon ayaba a ciki,
beyar ba ta sallama."

Lavonne ta sayar da gida mai ɗaki biyar.
'Ya'yanta sun ce ta zautu.
"Cokali biyu ya ishe ki.
Takalmi a kwando, a ƙarƙashi.
Ki daidaita ƙasa, kai ya fi ƙafa tudu.
Ki buɗe 'yar tagar sama ko ana sanyi,
numfashin mutum ruwa ne."

Suka juyo gare ni.
Na ce sunana Corliss,
shekara talatin ina amsa waya a asibitin haƙori.
Na ce Wendell ne ya yanko hoton tirelar daga jarida
ya manna a jikin firji,
ya ce in mun huta.
Shi ya riga ni hutawa.
Ban ƙara ba, ba su tambaya ba.
Marisela ta ƙara mini wake.

Na rarrafa ciki, na ja ƙofa.
Gado ne kawai, da rufi dab da hanci.
Shekara biyu ina riƙe hawaye,
ga shi yau hawaye ya riƙe ni,
na yi barci kamar an biya mini bashi.

Da asuba wani abu ya ɗiga a goshina.
Ya sake ɗiga.
Rufin duk ya yi gumi.
Daga waje na ji Lavonne tana ƙwanƙwasa bango:
"Ba ki buɗe tagar ba, ko?
Fito, akwai tsumma.
Gahawa ta kusa ƙarewa."