Ranar da Aka Kira Ni Malam

A Dadin Kowa, gangaren gada,
shekara ashirin da biyu ina kwance injin ban-ruwa,
ina ɗaurawa.
Sunana Giɗaɗo. Aji uku na yi na tsere;
bulala ta fi ni sauri,
amma ƙafata ta fi ta nisan zango.

Ran wata Talata sai ga Malama Ladidi
a bakin rumfata, ta taka baƙin mai ba ta kula ba,
bayanta yara talatin cikin fararen riguna,
sai ka ce balbelu sun ɓata hanya.
Ta ce, "Ɗakin gwajinmu jemagu ke karatu a ciki.
Littafi ya ce ruwa yana hawa bututu.
Sun haddace, sun rubuta, sun ci maki,
amma ko ɗaya bai san abin da ke tura shi ba.
Ara mana hannunka."

Na ce, Malama, ni da alli ba ma ga maciji.
Ta ce, "Alli ina da shi kwali guda."

Sai na kwance injin Manu mai albasa,
na baje kayan cikinsa a kan buhu
yadda mahauci ke baje tumbi da hanji.
Na miƙa wa Tabawa sifana lamba goma sha uku,
ta karɓa da yatsu biyu kamar kunama.
Bappayo, wanda suka ce shi ne kurar baya,
ya kara kunne jikin ƙarfe, ya yi shiru,
ya ce, "Iska yake sha."
Wallahi iska yake sha.
Yaron shagona sai da ya yi wata uku
kafin kunnensa ya kai nan.

Malama tana gefe da guntun gawayi,
duk abin da na faɗa sai ta rubuta a jikin kwano.
Abin da nake kira shaƙewa
ashe yana da suna mai tsawo kamar layin mai.
Ni na ba su hannu, ita ta ba su suna,
ruwa ya taso ya jiƙa mu duka.

Kada ka ce komai ya tafi daidai.
Tabawa ta karya mini noti biyu.
Mahaifin Lamela ya zo da riga a hannu,
ya ce kuɗin makaranta ya biya,
ba na koyon kanikanci ba.
Ban ga laifinsa ba, sabulu ya yi tsada.
Wani mai jaka ya zo daga Gombe
ya tambaye ni takardar shaida.
Na lalube aljihu,
rasit ɗin fulogi kaɗai na samu.
Ya duba, ya mayar mini, bai yi dariya ba.
Har yau ban san me ya rubuta ba.

Amma Talata ba ta daina zuwa.
Yanzu har magudanar shinkafa muke zuwa,
su jefa totuwa a ruwa,
ɗaya ya bi ta da gudu, ɗaya ya riƙe agogo,
su yi ta gardama kan lissafi
har kwaɗi su gaji su yi shiru.

Jiya a kasuwa, wajen masu kifi,
na ji an ce, "Malam, ina wuni?"
Na waiwaya in ga wa ke bayana.
Bappayo ne, ni yake kallo.

Rubutun gawayin nan yana nan a kwano,
na hana yarona gogewa.
In na rufe shago, bayan isha'i,
nakan haska shi da fitilar waya,
in bi harafi ɗaya ɗaya da baƙin yatsana.
Na kai na biyar.