Layin Rawaya

Ranar da Delbert ya zana shi a bayan takardar burodi
na ce, "Wannan ai rumbun ciyawa ne, ba gida ba."
Ya ce, "Ofelia, kuɗinmu na rufi ɗaya ne.
Ko mu kwana inda nake walda,
ko in yi walda inda muke kwana.
Zaɓi."

Haka ginshiƙai suka miƙe a filin kudancin Texas,
kwana tara aka lulluɓe su da jan kwano.
Kashi biyu na ƙarfe da wuta,
kashi ɗaya nawa: madafa, ɗaki biyu,
da tagar da ke kallon shanun tsoho Pavlicek.
A tsakani bango guda, ƙofa guda.
Na sayi fenti rawaya, na durƙusa,
na ja layi a kan siminti:
"Takalminka, iyakarsa nan."

Shi ya bi doka. Wari ne bai iya karatu ba.
Ƙaurin walda ya tare a labule,
baƙin mai ya gano hanyar tawul,
na tsinci noti a gwangwanin sukari,
ya tsinci cokalina a cikin sifanu.
In ya sauke guduma, kofuna su yi rawa a kanta.
In na soya albasa,
masu kawo gyaran tirela su manta da sauri,
su yi ta shawagi a bakin layi kamar kaji.

Zo mu zauna, zo mu saɓa.
Na taɓa kulle ƙofar nan kwana uku.
Ba mu yi magana ba, amma bangon siriri ne:
ina jin tarinsa,
yana jin na ajiye faranti da ƙarfi.

Rosalba a cikin wannan ƙara ta zo duniya.
Injin yanka ƙarfe ne ke sa ta barci,
in an kashe shi ta farka da kuka.

Daren ƙanƙara kuwa, kar ka tambaya.
Sama ta juye tsakuwa a kan kwano
har muka daina jin muryar juna.
Muka shige ƙarƙashin teburin aikinsa mu uku,
ni da na rantse ba zan zauna a wannan ɓangare ba.
Da asuba ruwa na ɗiga daidai kan murhuna.
Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo:
ya hau, ya ɗaure kusa ɗaya, ya sauko shan kofi.

Shekara ashirin da shida.
Sannan wata Talata guduma ta yi shiru
ba a lokacin shirunta ba.
Taku goma sha ɗaya ne daga tukunyata zuwa inda ya faɗi.
Da shagon a cikin gari yake,
da sai dare zan sani.

Ya dawo da ɓari ɗaya a shanye.
Gidan da na raina ba shi da matakala ko ɗaya,
siminti shimfiɗe daga gado har babbar ƙofa.
Kowace safiya ina tura kekensa,
mu bi ta madafa, mu wuce bango,
in ajiye shi inda tartsatsi ba ya kaiwa.
Rosalba ta sauke gilashin walda a fuskarta.
Da hannun da ya rage yake nuna mata:
sassauta, matsa hagu, haka.

Jiya na duba layin.
Tayar keke ta cinye tsakiyarsa,
sai ɗan rawaya a gefe da gefe.
Ragowar fentin na nan a bayan firiji,
murfin ya yi tsatsa.
Na bar shi a rufe.